TSH ɗina ya hau, in daina shan ƙwayar tayiroyid ɗin? Amsa ga Hajiyar Agege

Wata baiwar Allah daga Agege ta turo min hoton takardar gwajin jininta da saƙo, sai na ce bari in amsa mata a fili kowa ya gani, don wannan tambayar kusan duk sati sai an yi min ita a asibiti. Ga abin da ta rubuto a taƙaice:

"Likita barka da aiki. Shekarata 39, kilona 82. Wata biyar kenan aka ce min tayiroyid ɗina baya aiki sosai, aka ɗora ni kan ƙwayar levothyroxine mai maikirogiram 50, kwanan nan aka mai da shi 100. Sati uku da ƙara maganin na je na sake gwaji, TSH ya nuna 7.6 har an sa masa H a gefe alamar ya hau, Free T4 kuma 21. Maƙociyata ta ce tunda ya hau ai maganin ne ya yi min yawa, in daina. Har yanzu ga kasala ga gashina na zubewa. Ina shan maganin ƙarin jini da na gashi, kuma an kawo min sea moss da wani wai shi thyroid support, an ce daga waje ne. In ajiye ƙwayar in koma kansu?"

Hajiya dan Allah kar ki ajiye ƙwayar nan. Maƙociyarki da zuciya ɗaya ta faɗa na sani, amma takardar ta karanta ta bai-bai, kuma ba laifinta bane, duk wanda bai san yadda abin yake ba haka zai karanta, tunda a suga in ya hau suga ne ya yi yawa, a hawan jini ma haka, to shi TSH ba haka yake ba.

Kin san danfo a tashar Pen Cinema da safe ko? Kwandasta ya rataye a ƙofa yana ta "Oshodi! Oshodi!" jijiyar wuya duk ta tashi. Yaushe yake wannan ihun? Lokacin da kujeru suke fanko. Da mota ta cika sai ya buga bodi ya yi shiru ya fara karɓar kuɗi. To TSH shi ne ihun kwandastan, ba shi ne fasinja ba. Ba ma tayiroyid ke yin sa ba, wani ɗan ƙaramin abu ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, fitutari, girmansa kamar ƙwayar wake, shi ne yake leƙa jini ya ga ko homon ɗin tayiroyid ya isa, in bai isa ba ya ɗaga murya yana kiran tayiroyid ɗin da ke gaban wuya ya ƙaro. Fasinjojin su ne T4 da T3, wato homon ɗin da tayiroyid yake yi, Free T4 kuwa shi ne T4 ɗin da ke yawo a sake a jini. Saboda haka in kika ga TSH ya hau, ma'anarsa jiki yana cewa bai ƙoshi ba, a ƙaro. In ya faɗi ƙasa sosai kuwa shi ne mota ta cika har an yi obalodi, nan ne ake cewa magani ya yi yawa. Yawancin lab suna sa daidai ɗinsa tsakanin kamar 0.4 zuwa 4.0, wasu 0.27 zuwa 4.2, ya danganta da injin da suke aiki da shi. Naki 7.6 ne, kwandasta bai yi shiru ba tukuna, kinga in kika daina magani yanzu kin sauke 'yan fasinjojin da suka shiga kenan.

Kuma 100 ɗin nan da kike gani kamar ya yi yawa, ba wani yawa bane ga mace mai kilo 82. Wanda tayiroyid ɗinsa ya kwanta gaba ɗaya ana lissafa masa kusan maikirogiram 1.6 a kowane kilo, naki ya kama wajen 130 kenan. Ba cewa nake ki ƙara da kanki ba fa, ba kowa ne yake buƙatar cikakken lissafin ba, wani tayiroyid ɗinsa yana ɗan taɓukawa, kuma tsofaffi da masu ciwon zuciya daga 25 ake fara musu a tafi a hankali. Na faɗa ne kawai don hankalinki ya kwanta.

Yanzu abin da ya fi ɗaure miki kai, in TSH na kukan bai isa ba me ya sa Free T4 yake 21, wanda a takardarki iyakarsa 12 zuwa 22 ne, wato yana dab da rufi? Na kira Hajiyar a waya na yi mata tambayoyi huɗu, amsoshin da ta bani su suka warware komai, kuma ta yarda in faɗa.

Na farko ta yi gwajin da wuri. Levothyroxine magani ne mai nawa, in kika sha yau sai ya yi kusan kwana bakwai kafin rabinsa ya bar jiki, don haka in aka canza yawansa sai an ɗau makonni kafin ya daidaita a jini, shi kuma TSH ya fi shi nawa ma, kwandastan nan ko mota ta fara cika bai cika yin shiru nan take ba. Shi ya sa muke cewa sati shida zuwa takwas bayan duk wani canji. Gwajin sati uku gaskiya asarar kuɗi ne, kuma kin san yadda kuɗin gwajin nan yake a Legas yanzu, ba abin da mutum zai riƙa yi don marmari bane.

Na biyu ta sha ƙwayar da asubar ranar kafin a ɗebi jinin. In kika haɗiya, bayan awa biyu zuwa huɗu T4 yana ɗan yin sama a jini kafin ya sauko, ita kuwa ta sha biyar da rabi an ɗebi jini takwas da wani abu, daidai kan ganiyar. Ranar gwaji a sa ƙwayar a jaka, a je da safe, a ba da jini, a fito a sha da ruwan leda a bakin ƙofar lab ɗin, shikenan. Kuma a riƙa zuwa da safe kullum, don TSH yana canzawa da lokaci, ya fi yawa cikin dare da sassafe, da rana ya sauko, in yau kin je takwas na safe wancan karon kin je uku na rana saboda gosulo ya riƙe ki a Ikeja Along, to ba abu ɗaya kike gwadawa ba.

Na uku shi ne maganin gashin. Na ce ta juya bayan kwalbar ta karanto min, ta ce biotin 10,000 mcg, wato bitamin ɗin bayotin maikirogiram 10,000. Abin da jiki yake buƙata a rana kusan 30 ne kacal, kinga wannan ya ninka sau ɗari uku da wani abu. Shi bayotin ba ya taɓa tayiroyid ɗinki, injin lab ɗin yake ruɗawa, saboda da yawa daga cikin injinan nan da shi wannan sinadarin suke amfani wajen kamo homon a cikin jini, to in naki jinin ya zo cike da shi sai lissafi ya rikice, TSH ya fito ƙasa da yadda yake, T4 da T3 su fito sama da yadda suke. Hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kan wannan tun 2017, don har gwajin jini na ciwon zuciya da ake yi a imajansi yana iya ɓatawa. Ki lura da abin da wannan yake nufi a taki takardar: mai yiwuwa ainihin TSH ɗinki ya ma fi 7.6, kuma ainihin T4 ɗin bai kai 21 ba. A ajiye shi aƙalla kwana biyu kafin gwaji, ni ina ce wa masu shan irin wannan mai ƙarfin su ba shi kwana uku zuwa biyar, kuma a faɗa wa mai ɗibar jinin. Ni in za ki bi ta tawa ma ki bar shi kwata-kwata, wanda ba shi da ƙarancin bayotin babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna yana tsiro masa da gashi, kuma ƙarancinsa abu ne mai wuyar samu ga mai cin ƙwai da gyaɗa.

Na huɗun shi ne babba, shi nake so ki fi riƙewa. Na ce da me kike shan ƙwayar? Ta ce ai da shayi, in ta haɗa wa yara kafin su fita makaranta sai ta haɗa nata mai kauri da madara da Milo, ta kora ƙwayar da shi, ta bi da cokali biyu na maganin ƙarin jini don kar ta manta, sannan burodin Agege. Hajiya wallahi kusan duk abin da ke hana maganin nan shiga jiki kin tara shi a kofi ɗaya. Levothyroxine magani ne mai tsirfa, baya son kishiya a ciki. Sinadarin ayon, wato ƙarfe, da ke cikin maganin ƙarin jini yana kama shi ya ƙanƙame a hanji su fita tare a bayan gida, kalsiyam na madara haka, kofi ma yana rage shi. Sai ki ga a takarda mutum yana kan 100 amma abin da ke isa jini bai kai haka ba ko kusa, likita bai tambaya ba, mara lafiya bata faɗa ba, a yi ta ƙara magani ana mamaki.

Akwai wata dattijuwa da ba zan manta ba, daga wajen Mile 12 take zuwa, an kai ta har 175 TSH ya ƙi sauka. Ran nan na ce Mama zazzage min jakar nan a tebur. Ta kwance bakin wata baƙar leda, sai ga katin levothyroxine an naɗe shi da kyauro tare da ƙwayar kalsiyam ta ciwon gwiwa, ga kwalbar farin maganin olsa mai kaurin nan har ya bushe a murfi, ta ce ai duk tare take watsa su da safe "a huta da su gaba ɗaya". Ba mu ƙara mata ko ɗigo ba, lokaci kawai muka raba, bayan wata biyu sai da muka rage maganin don har ya fara yi mata yawa. Tun daga ranar duk wanda TSH ɗinsa ya ƙi jin magani sai na ce a zazzage jaka kafin in taɓa biro.

Yadda za ki yi mai sauƙi ne tunda dama kina tashi asuba. Ki ajiye katin da gorar ruwa kusa da darduma ko gefen gado, kina farkawa kafin alwala ki haɗiya da ruwa zalla, ki yi sallah ki yi azkar ki tashi yara ki yi musu wanka, kafin ki zauna shan shayi an yi minti 30 zuwa awa ɗaya, in ya kai awa ɗayan ya fi. Maganin ƙarin jini, kalsiyam, maganin olsa irin su Gestid da Mist Mag, da duk wani bitamin mai haɗe-haɗe da ke da ayon ko zinki a ciki, a ba su tazarar awa huɗu, wato ki mai da su bayan azahar ko da abincin dare. Masu shan omeprazole kullum su ma su faɗa wa likita, don yana rage tsamin ciki kuma ƙwayar tana son wannan tsamin kafin ta narke da kyau. Awara da madarar waken suya ba haramun bane gare ki, kar dai su zama karin kumallo dab da magani, ki bari sai rana ta yi. In safiya ta gagara, ana iya sha da dare lokacin kwanciya, sharaɗin dai a yi awa uku zuwa huɗu da cin abincin ƙarshe, wanda na san a gidan da ake jiran maigida ya fito daga gosulo sai goma na dare kafin a ci tuwo abu ne mai wuya. Ki zaɓi ɗaya ki dawwama a kai. Da azumi kuwa ko dai ki sa alam ki sha kamar awa ɗaya ko rabin awa kafin sahur, ko ki sha lokacin kwanciya in kin tsayar da ciye-ciye tun bayan buɗa baki. In kika manta rana ɗaya ki sha da kin tuna, ba wani tashin hankali bane, matsalar ita ce masu tsallake sati biyu sannan ana jibi gwaji su dage da sha, takardarsu tana tona musu asiri, T4 ya fito lafiya lau TSH yana sama, kusan irin taki.

Wani abu kuma na Legas, zafi da laima. Ƙwayar nan bata son su. Kar a ɓalle ta daga katinta a zuba a wata roba, kar a ajiye a kicin saman risho ko a banɗaki ko a cikin mota. A saya a famasi mai rajista a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ba wajen masu tallan magani a cikin bas ba. Kuma in kin saba da kamfani ɗaya, Euthyrox ne ko wani, ki yi ƙoƙari ki tsaya a kansa, in dole ta sa aka canza saboda babu ko tsada to ki rubuta ranar, a sake gwaji bayan sati shida zuwa takwas.

To mu zo kan kwalaben da aka kawo miki. Sea moss ciyawar teku ce, abin da ke cikinta da ya shafi tayiroyid shi ne ayodin, kuma ba wanda zai iya faɗa miki nawa ne a cokali ɗaya, wannan kwalbar daban waccan daban. Gaskiya ne tayiroyid da ayodin yake ƙera homon, kuma gaskiya ne rashinsa shi ke kawo maƙoƙo, kumburin wuyan nan da iyayenmu suka sani a ƙauyuka, ba Makoko ta kan ruwa da ke wajen Yaba ba, don na taɓa rubuta wa wata a waya ba ƙugiya ta ce ita ai a Idi-Araba take. Amma tun 1993 aka wajabta sa ayodin a gishirin ci a Najeriya, kuma ke kina garin da ake cin titus da panla da kirefish kusan kullum. Babba yana buƙatar maikirogiram 150 ne a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Mafi yawan masu irin ciwonki a birni ba rashin ayodin bane, garkuwar jiki ce take juyowa tana cin tayiroyid ɗin a hankali, ana kiransa Hashimoto, sunan likitan Japan ɗin da ya fara bayaninsa a 1912. Mai wannan in ya ɗura ayodin da yawa abin yana iya ƙara lalacewa, tayiroyid ɗin ya ƙara rufewa. Masana'antar ce ta samu matsala, tara mata kayan aiki a bakin ƙofa ba zai tashe ta ba. Kuma ita levothyroxine ai homon ne da aka riga aka gama haɗawa, da ayodin ɗinsa a jiki. In kina son sanin ko Hashimoto ne akwai gwajin anti-TPO da ke nuna ko garkuwar jiki tana yaƙar tayiroyid, sau ɗaya ake yi a rayuwa ya isa, ba a bin sa ana maimaitawa don ganin ko ya sauka, ba da shi ake auna magani ba.

Shi kuma thyroid support ɗin ya fi bani tsoro. A 2013 an wallafa wani bincike na likitocin Amurka, aka sayi iri goma na waɗannan kwalaben aka auna, tara a ciki aka samu ainihin homon T3, biyar kuma da T4, wasu ma da yawan da ya kai na maganin asibiti. Wato kina shan magani a kan magani ba tare da kin san nawa ba. Wasu kuma akwai ashwagandha a ciki, wani saiwa ne na Indiya da yake iya ɗaga homon ɗin kuma an samu waɗanda ya taɓa musu hanta. "Daga waje ne" ba shaida bace, can ɗin ma ba a tantance safliment kamar yadda ake tantance magani kafin ya shiga kasuwa. In homon ya yi yawa a jiki ba lafiya ake ƙarawa ba, bugun zuciya ne yake rikicewa, ƙashi ya yi ta zaizayewa musamman ga mace in ta daina al'ada. Duk ran da kika ji zuciya na dukan uku-uku kina zaune, hannu na rawa, gumi ba dalili, barci ya ƙaurace, ko ciwon ƙirji, kar ki jira ranar kilinik.

Seleniyam ma za ki ji ana zuzutawa. Abin da aka gani shi ne yana ɗan sauke lambar anti-TPO a wasu, amma ba a tabbatar yana sa mutum ya ji sauƙi ko ya rage buƙatar magani ba, kuma in ya wuce maikirogiram 400 a rana yana iya zama guba, cikin manyan alamominsa kuwa akwai zubewar gashi da karyewar farce, abin da kike gudu kenan. Ni bana rubuta shi sai da dalili na musamman.

Waɗanda suke da amfani da gaske su ne waɗanda gwaji ya nuna babu su a jiki. Kasala da zubewar gashi ba tayiroyid kaɗai ke kawo su ba, kuma mata masu wannan ciwon da yawa al'adarsu tana zuwa da yawa, ga haihuwa kusa-kusa, ga fayibroyid, jini yana ta tafiya. Kin ce kina shan maganin ƙarin jini, wa ya auna ya ce babu? In za ki sake gwaji ki roƙi a haɗa da cikakken ƙidayar jini da feritin. PCV, gwajin yawan jinin nan, kaɗai baya isa, feritin shi ne rumbun ayon, PCV yana iya fitowa daidai alhali rumbu ya kusa ƙarewa kuma gashi tun a nan yake fara zuba. In feritin ya yi ƙasa da 30 akwai ƙaranci, sai dai in kina cikin zazzaɓi ko wani kumburi a jiki yana hawa na ƙarya. In an tabbatar, ƙwayar ayon ta gaskiya ta fi yawancin ruwan tonik ɗin nan masu zaƙi da ayon ɗin cikinsu kaɗan ne, a sha da lemo ko ruwa ba da shayi ba don shayi yana hana shi shiga, kuma kar ki tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Sai bitamin B12, masu Hashimoto sun fi sauran mutane samun ƙarancinsa, balle in ana shan metformin na suga ko omeprazole an daɗe, alamarsa jin tafin ƙafa kamar ana tsira allura ko ya yi dindiris, da mantuwa. Bitamin D kuma kar ki ce ai muna ƙasar rana, macen da take wuni a ɗaki ko a shago cikin rumfa, in za ta fita ta rufe jiki, ga fatarmu baƙa bata saurin haɗa shi, tana iya rasa shi. Gwajinsa da tsada, in aljihu bai kai ba ki fara da feritin. In za a ba ki shi ki duba, sau da yawa a haɗe yake da kalsiyam, to dokar awa huɗu ta hau kansa.

Gashin ki yi masa haƙuri. Ko komai ya daidaita yau sai an yi wata uku zuwa shida kafin ki ga bambanci a mataji, wani lokaci ma a watannin farko na magani zubar takan ɗan ƙaru kafin ta tsaya. A sassauta kitso a gaban goshi, a ɗaga wa rilaksa ƙafa. Ƙiba ma kar ki sa rai ƙwayar za ta zabge ta, 'yan kilo kaɗan ne suke tafiya kuma yawanci ruwa ne, masu ƙara magani don su rame zuciyarsu suke wa illa.

Za kuma a ce miki ki daina kabeji, ki daina gari, ki daina fura. Asalin maganar akwai gaskiya a ciki, rogon da ba a jiƙa aka sarrafa da kyau ba da kuma gero suna da sinadaran da ke takura wa tayiroyid, an ga haka a wuraren da mutane suka dogara da su kaɗai kuma babu ayodin a abincinsu, kamar yammacin Sudan da gero. Ke da kike cin gishiri mai ayodin kuma homon ɗinki daga ƙwaya yake zuwa, sha furarki, kar dai da asuba tare da magani saboda nonon.

Abu biyu da ban so in rufe ban faɗa ba duk da baki tambaya ba. Shekara 39 ana haihuwa. Ran da kika ga gwajin ciki ya nuna, kar ki daina ƙwayar nan kamar yadda wasu suke yi don tsoron kar ta taɓa jariri, akasin haka ne, a watanni ukun farko ƙwaƙwalwar jariri da homon ɗin uwa take ginuwa, buƙata tana ƙaruwa da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari tun farkon ciki. Ki nemi likitanki a satin, kar ki jira sai ranar fara awo, a lokacin ana son TSH ya kasance ƙasa da 2.5 kuma ana dubawa kusan duk sati huɗu har tsakiyar ciki. Magungunan awo kuwa, Pregnacare da jar ƙwayar nan ta ƙarin jini, duk ayon ne, awa huɗu.

Na biyun ba naki bane amma na san akwai mai karantawa da ya shafa. Duk abin da na faɗa na kwandasta yana aiki ne in shi kwandastan yana da lafiya. Macen da ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, daga nan nono ya ƙi zuwa, al'ada bata dawo ba, gashin hammata ya zube, kullum a galabaice, wannan fitutarin ne da kansa ya samu rauni, ana ce masa ciwon Sheehan, kuma muna ganinsa a matanmu da suka haihu a gida ko aka makara kai su asibiti. Ita TSH ɗinta zai fito daidai ko ƙasa alhali Free T4 yana ƙasa, mota fanko kwandasta ya yi gum. In aka duba TSH kaɗai sai a ce lafiyarta lau. Irin wannan ba a fara mata levothyroxine sai an duba homon ɗin kotisol tukuna, in ba haka ba ana iya jefa ta cikin hatsari, aikin ƙwararrun likitocin homon ne, akwai kilinik ɗinsu a LUTH nan Idi-Araba da LASUTH a Ikeja.

Ke dai Hajiya ga yadda nake gani. Ki ci gaba da 100 ɗin yadda likitanki ya rubuta, daga gobe da ruwa zalla kafin sallar asuba, tonik ya koma bayan azahar, sea moss da thyroid support a mayar wa mai su ko a ajiye, ki lissafa sati shida zuwa takwas daga goben ba daga ranar da aka ƙara maganin ba, tunda yanzu ne zai fara shiga yadda ya kamata. In a satin gwajin maleriya ta kama ki ko wani ciwo mai kwantarwa ki ɗaga sai kin warke da 'yan makonni, rashin lafiya yana birkita lambobin nan na ɗan lokaci. Ki koma lab ɗin da kika yi na farko, don wani yana auna Free T4 da pmol/L wani da ng/dL, 15 a nan shi ne kusan 1.2 a can, na taɓa ganin wadda ta kwana kuka wai nata ya faɗo daga 15 zuwa 1, ashe lab ta canza. Ki tabbata an rubuta Free T4 ba Total ba, shi Total ciki da ƙwayar tsarin iyali suna ɗaga shi ba tare da wani ciwo ba. T3 kuwa ki bar kuɗinki, ga mai shan levothyroxine bai cika ƙara mana komai ba.

In sakamakon ya fito ki kai wa likitan da ke duba ki, ki tafi da duk kwalaben a leda ya gani da idonsa. In za ki turo min ni ma, dan Allah ki ɗauki shafin gaba ɗaya har da ƙananan lambobin da ke gefen dama da kwanan wata, wancan hoton kin yanke rabi sai da na yi ta zuƙowa, kuma ki rufe sunanki da yatsa.